Jigidar Gwaggo a Wuyana

Gwaggona, yayar mahaifina, ta dawo gidanmu da zama ne bayan rasuwar mijinta, ina 'yar ƙarama. Ba ta taɓa haihuwa ba. Baba ya gyara mata ɗakin da ke kusa da rumbuna, ta shigo da akwatinta da tabarmarta da wata tsohuwar jakar fata mai ɗauke da kayan aikinta: ƙaramin zarto, basilla, da dutsen guga da ya lotsa a tsakiya saboda amfani. Da ita da Baba duk "Uwata" suke kirana, don sunan mahaifiyarsu aka sa min.

Sana'ar Gwaggo jigida ce, ta ƙodagon goruba. A ƙauyenmu da ke ƙasar Shanono gonaki manne suke da juna, kuma da wuya ka bi iyakar gona ba ka tarar da goruba ba. Yara su gwigwiyi bayanta su yar da ƙodagon, mu kuma mu tsinto wa Gwaggo a kwando. Ta fasa, ta ciro ƙwallon ciki, fari, mai tauri kamar ƙashi. Ta yanka shi ƙanana kamar maɓalli, ta huda, ta goge gefen kowane ɗaya a kan dutse har ya yi sumul. Wasu ta rina su da karan dafi su yi ja, wasu da shunin baba su yi duhu, wasu ta bar su da farinsu. Daga ƙarshe ta murza su da man kaɗe a tafin hannunta. Jerinta guda ɗaya ne, wanda ta koya wajen kakarta: ja uku, fari ɗaya, baƙi ɗaya, haka har zaren ya cika. Kusan duk matar da aka aurar a ƙauyenmu da ƙauyukan kusa, da wannan jeri ta shiga ɗakinta.

Abu ne da kowa ya sani amma ba a faɗa. Mace ta shigo, ta gaisa da Inna, ta daɗe tana zancen damina, sannan ta ce, "Bari in leƙa Gwaggo kan saƙon nan." Gwaggo ta saki asabari, ta auna ƙugunta da zare, ta ƙulle. Ban taɓa jin kalmar jigida a bakin Baba ba. In baƙo ya tambaye shi abin da yayarsa ke yi, cewa yake, "Tana 'yan sana'o'inta na mata."

Da na gama sakandare ina zaune ina jiran samun makaranta, idon Gwaggo ya fara rauni, sai aikin zura zare ya dawo hannuna. A wannan shekarar ce wata Hajiya ta zo daga Rijiyar Zaki. Iyayenta mutanen Barno ne, amma a Kano aka haife ta. Ta ga aikin Gwaggo a hannun wata dillaliya a kasuwar Shanono, ta yi ta tambaya har aka kwatanta mata gidanmu. Mace ce mai natsuwa. Ta cire takalmanta tun daga zaure, ta zauna a tabarma, ta sha furar da aka dama mata har ƙasa.

Ta ce tana da ƙungiya da ke sayen kayan da mata suka yi da hannu, a kai ƙasashen waje. Mutanen can, in ji ta, sun gaji da roba, sun fi son abin da ya fito daga itace ko ƙwallo ko fata. Ta ce su ba sa saye da arha a ɓoye su sayar da tsada. A gaban mai abu ake yanke farashi, a ba ta wani kaso tun kafin ta fara aiki, kuma duk wanda ya saya a can sai an nuna masa hannun da ya yi abin. Cinikin adalci ta kira shi.

"Su ma matan can suna ɗaurawa?" Gwaggo ta tambaya a hankali.

"A wuya za su sa," in ji Hajiya. "Ki rage tsawonta, mu kuma mu kawo miki maƙalli na tagulla. Sarƙa ke nan."

Gwaggo ta rufe baki da gefen mayafinta ta yi dariya har hawaye ya fito mata. "A wuya," ta ce. "To, Allah mai iko."

Aka gaya wa Baba cewa ana son Gwaggo ta riƙa yin sarƙar wuya, ya ce Allah ya sa albarka. Ba ƙarya aka yi masa ba. Wata da watanni sarƙa muke yi, sarƙa muke kiranta, har ni kaina na daina ganinta a matsayin wani abu dabam. Hajiya kuma ta cika alkawari. Kafin damina ta kama an yi wa ɗakin Gwaggo rufin kwano, an kai ta asibiti a birni an yanka mata tabarau. Ta ɗauki mata biyu daga maƙwabta suna taya ta fasa ƙodago. Baba da kansa ya fara dawo mata da goruba daga gona a aljihun rigarsa.

Ana tsakiyar damina Hajiya ta dawo da wata budurwa mai ɗaukar hoto. Gwaggo ta ce ita fuskarta ba za ta shiga hoto ba, sai dai hannu. Aka ɗauki hannuwanta a kan dutsen guga. Sai budurwar ta ce ana bukatar a ga sarƙar a wuyan mutum, don mai saye ya san yadda take zama. Hajiya ta dube ni. Inna ta ce a tambayi Baba. Baba ya ce in dai da ɗankwalina da mayafina, ba laifi.

Na tuna yadda na ji a ranar, kuma daɗi na ji. Na sa atamfata ta sallah, na sa kwalli. Aka tsayar da ni a bayan gida, gero ya yi kore shar a bayana, aka jera min sarƙa uku a wuya, aka ɗan sassauta mayafin don su fito. Budurwar ta ce in yi murmushi, na yi. Da ta nuna min hoton a jikin na'urarta na ga ban taɓa yin kyau irin haka ba. An ce mana mutanen ƙasar waje ne za su gani, mu kuma a tunaninmu ƙasar waje wuri ne mai nisa da ba ya haɗa hanya da ƙauyenmu.

Bayan kaka, lokacin da samarinmu ke bin motocin hatsi zuwa Dawanau, wani ya ci karo da hoton a wayarsa. Ban san ko wane ne ba, har yau. Ya tura wa wani, wani ya tura wa wani. Ni ce kusan ta ƙarshe da ta sani.

A gidan suna na sani. Na shiga da kwanon tuwo da Inna ta aike ni da shi, tsakar gida cike da mata, na ga wasu sun haɗa kai a kan waya. Ina yin sallama hayaniyar ta ragu. Wata tsohuwa, kakar mai jego, ta yafito ni.

"Zo nan, 'yar nan. Wannan ke ce?"

Na duba. Ni ce, da murmushina, da geron a bayana, da rubutun Turanci a ƙasa.

"Ni ce, Iya."

"Mene ne wannan a wuyanki?"

"Sarƙa ce."

"Sarƙa," ta ce. Ta kawo wayar kusa da idonta, ta bi jerin da farcenta. "Ja uku, fari ɗaya, baƙi ɗaya. Ni kam shekara da shekaru ina da irin wannan sarƙa, ban taɓa sanin a wuya ake sa ta ba."

Wasu suka tuntsire da dariya. Wasu ba su yi ba, kuma shirunsu ya fi dariyar zafi. A nan take na ga abin da idonsu ke gani. Budurwa ce, 'yar gidan mutunci, ta rataya jigida har uku a wuya, tana yi wa duniya murmushi. Na ji kamar an zare min zani a tsakiyar kasuwa. Ban san inda na ajiye kwanon ba. Ina juyawa na ga ƙawata ta tashi daga cikin matan ta nufi ƙofa, ba ta dube ni ba.

Ita wannan ƙawar tawa tare muka taso, tare muka yi firamare, kuma a farkon shekarar aka yi bikinta. Ni na zura mata tata jigidar da hannuna. Na bi ta na cim mata a lungun da ke bayan masallaci.

"Tsaya mana," na ce. "Ke ma dariya za ki yi min?"

Ta juyo, idonta jawur. "Dariya? Jiya maigidana ya dawo daga majalisa ya miƙo min waya ya ce, ga irin taki nan ta shiga duniya. A majalisa aka nuna masa. Kin san abin da wani ya ce a can? Ya ce yanzu kowa ya san abin da ke ɗakin kowa."

"Wallahi ban yi tunanin haka ba."

"Na sani. Amma ni yanzu in na wuce ta gabansu da tulu, sai in ji kamar suna ƙirga min ja uku, fari ɗaya." Ta gyara mayafinta. "Na cire tawa. Ba zan ƙara sa ta ba."

Sai a lokacin na gane abin bai tsaya a kaina ba. Ni kunyar fuskata nake ji, su kuma abin da ke ƙarƙashin zaninsu aka baje a fili, duk matan ƙauyen a lokaci guda, kuma a wuyana aka baje shi.

Na daina fita. Ɗiban ruwa a famfo ya koma hannun ƙanwata. Islamiyyar da nake taya malama koyar da yara na aika na ce ba ni da lafiya. In na ji sallamar mace sai in shige ɗaki in kwanta in juya wa ƙofa baya. Sau ɗaya dole ta fitar da ni, aka aike ni kemis, hanya kuma ta gaban majalisa take. Ba wanda ya ce min komai. Hirarsu ce kawai ta tsaya cak har na wuce, sannan wani ya yi gyaran murya. Na gwammace a ce zagina suka yi.

Abin da ya fi damuna shi ne Baba. Ya daina zama a majalisa bayan la'asar. An gama girbi, ba aikin da ya rage, amma kullum sai ya ɗauki fartanya ya tafi gona, sai magariba ya dawo. In na kai masa abinci zaure na durƙusa, sai ya ce, "Sannu, Uwata," idonsa a kan tabarma. Na so ya yi min faɗa. Amma ta yaya zai yi faɗa a kan abin da ba zai iya kiran sunansa a gaban 'yarsa ba? Kuma shi ya ba da izinin hoton. Ya san haka, na san haka, muka yi ta zagaye juna a cikin gida ɗaya.

A cikin kwanakin ne jigidu suka fara dawowa. Ba wadda ta kawo da kanta. A ƙulle cikin leda ake aikowa, ko a naɗe cikin tsumma, a ce a ba Gwaggo. Wasu sababbi, wasu sun tsufa har jan ya koma ruwan ƙasa. Gwaggo tana karɓa tana zubawa a wata babbar ƙwarya a ƙarƙashin gadonta. Matan nan biyu da ke taya ta aiki suka daina zuwa. Wata rana da hantsi na shiga na tarar ta jawo ƙwaryar tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ta san mai kowace.

"Wannan tun kafin a haife ki na yi ta," ta ce. "Mai ita yanzu jikoki gare ta." Ta mayar. "Uwata, ni ce babba. Ni na yi dariya ranar da aka ce a wuya. Ya kamata dariyar nan ta tsayar da ni."

Da yamma Baba ya tsaya a ƙofar ɗakinta, bai shiga ba. "Yaya," ya ce, "a kira matar nan ta zo."

Hajiya ta zo washegari. Da aka gaya mata abin da ya faru sai ta ce, "Ni ma mace ce, na san abin da na saya. Hankalina ya tafi kan masu saye, na manta masu ɗaurawa. Ku yafe min." A gabanmu ta kira waya ta sa aka cire hoton daga shafinsu. Amma ta gaya mana gaskiya, cewa wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ta da ikon dawo da shi. Ta shiga zaure ta durƙusa ta ba Baba haƙuri. Ya ce ba komai, ƙaddara ce. Ta ce in Gwaggo na so a dakatar da cinikin, za a dakatar, ba za a nemi komai a hannunta ba.

Gwaggo ta ce a ba ta lokaci. Ta ce abu ɗaya ta sani, wannan jeri ba zai ƙara fita daga ɗakinta ba, ko zuwa waje ko zuwa gidan wani.

Bayan tafiyar Hajiya da kwana kaɗan, Gwaggo ta ce in sa hijabina in ɗauko ƙwaryar. Ita da ba ta fita sai gaisuwar mutuwa.

"Ina za mu?"

"Gida-gida."

"Gwaggo, ni ba zan iya ba."

"Ni ma ba zan iya ba," ta ce. "Ɗauko."

Muka rufe ƙwaryar da faifai muka fita. Ba ranar da ta kai wannan tsawo a rayuwata. Kowane gida sai Gwaggo ta yi sallama, ta nemi matar gidan su shiga ɗaki, ni ina durƙushe a bakin ƙofa kaina a ƙasa. Maganarta ɗaya ce. Ta ce ta ci amanarsu ba da niyya ba, ta zo neman afuwa. In mace ta yarda, za ta tsinke tata ta sake jera mata wani jeri dabam, nata ita kaɗai, wanda ba wata mai irinsa, kuma ba wanda zai sani sai su biyu.

Wasu suka karɓe mu da kyau. Wata ma ta jawo ni ta ce in ɗaga kaina, ba kisan kai na yi ba. Wata ta ce ita ta riga ta sayi ta roba a kasuwa, ta huta. Wata ta saurari Gwaggo har ƙarshe tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba, ta ce, "Allah ya kyauta," muka tashi. Tsohuwar nan ta gidan suna ta ce ita tata ba ta aiko ba kuma ba za ta aiko ba, da ita za a yi mata wankan gawa. Sannan ta dube ni ta ce, "Ke kuma hoton ya yi kyau, abin da ya ɓata shi ke nan." Ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba.

Gidan ƙawata muka je daga ƙarshe. Ta shimfiɗa wa Gwaggo tabarma, ta kawo ruwa, ta saurara da ladabi. Ta ce ta yafe, amma a bar tata a ƙwaryar. Ni ba ta yi min magana ba ban da amsa gaisuwa.

Duk ranin nan a kan wannan aiki muka ƙare. Gwaggo ta tsinke zare, ta wanke ƙwallayen, ta sake rina waɗanda suka koɗe. Ita ke faɗin jerin, ni ke zurawa, kuma ta sa na yi mata alkawarin ba zan riƙe na kowa a kaina ba. Na yi ƙoƙari na manta, kuma yawancinsu na manta. Wajen rabin matan suka karɓi nasu. Sauran suka zauna a ƙwarya.

Cinikin waje bai mutu ba, amma ya canza. Gwaggo ta koma yanka ƙwallon dogo-dogo maimakon fai-fai, ta haɗa da ƙwallon dabino da 'ya'yan tsamiya, ta yi abin da ba mai ganinsa ya tuna da ƙugu. Hajiya ta ce waɗannan ba su kai na farko tafiya ba, amma suna tafiya. Daga baya ƙungiyar ta kafa sharaɗi cewa ba a ɗaukar hoton kowa sai an zauna da matan unguwa an nuna musu abin da za a sa a ciki. Ɗaya daga cikin matan da ke taya Gwaggo ta dawo aiki. Baba ya koma majalisa wajen farkon bazara, ba tare da an ce komai ba, kuma har ya rasu ni da shi ba mu taɓa tayar da zancen ba.

Na samu kwalejin horon malamai a birni na tafi. Na ji daɗin zama inda ba wanda ya san fuskata. Amma ko a can, in na ga ɗalibai sun haɗa kai a kan waya suna dariya, sai in sunkuyar da kai in yi sauri in wuce su. A ƙauye kuwa an laƙaba min wani suna saboda hoton, ya daɗe bai mutu ba. Ba a faɗa a gabana, amma ƙanwata ta sha yin dambe a kansa.

Ƙawata ba ta zo sallama ba ranar da zan tafi. Sai bayan fiye da shekara muka haɗu, a gidan gaisuwar rasuwar wata maƙwabciyarmu. Ɗakin ya cika, wurin da ya rage kusa da ita ne kawai, na zauna. Muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyya. Tana riƙe da jariri da ban taɓa gani ba, ban je sunansa ba. Ana ta shigowa ana fita. Da aka kira azahar ta dube ni, sannan ta miƙo min yaron.

"Riƙe min shi in yi alwala," ta ce. "Ki tallafe kansa, ba ya son a kwantar da shi."

Na karɓe shi. Yana da nauyi, yana ƙamshin man kwakwa. Da ta dawo ba ta karɓe shi nan da nan ba. Ta tayar da sallarta a gefena, na ci gaba da jijjiga shi har ta sallame.